Abokin Benci a Zamanin Fargaba

Da tsakar daren wayewar Juma'a, 26 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara ta jihar Zamfara, suka kora ɗalibai daji. Da fari an ce su 317 ne, da aka sako su ranar 2 ga Maris sai lissafi ya tsaya a 279. Da yawansu ba su daɗe da barin firamare ba. An ɗauke su hoto a gidan gwamnati a Gusau cikin sababbin hijabai, aka yi hamdala, aka miƙa su ga iyayensu. Kafin nan gwamnatin jihar ta riga ta rufe makarantun kwana. Kowace yarinya ta nufi garinsu, wadda suka kwana jingine da juna a daji ita ma ta nufi nasu. A wurin hukuma magana ta ƙare, an sace an kuma dawo da su. A wurin 'yar shekara 12 kuwa ranar ce wani rashin ya soma, domin wadda ta san abin da ya faru ba tare da an ba ta labari ba ta yi mata nisa.

Duk sa'ad da bala'i ya afka wa makaranta, harin 'yan bindiga ne ko ambaliya ko annoba, abin da muke ƙirgawa sananne ne: rai nawa, aji nawa, zangon karatu nawa aka yi asara. Abota ba ta shiga lissafi, saboda a ganinmu na manya abotar yara wasa ce, yau a shirya gobe a ɓata. Ni kuwa ina ganin ga yaron da ke tsakanin shekara 11 da 14, abokin da suke zama benci ɗaya yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe masa hankali idan tsoro ya zo. Kuma sau da yawa mu ne da hannunmu, da kyakkyawar niyya, muke fara raba su da sunan kariya.

A takarda, ƙaramar sakandare ci gaban firamare ce. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya ware mata shekara uku, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta haɗe ta da firamare a matsayin shekara tara na karatun dole. A rayuwar yaro ba haka abin yake ba. Jiya malami ɗaya ne yake wuni da shi, ya san sunansa, wataƙila ya san gidansu. Yau malamai goma ne ko fiye, kowa ya shigo da darasinsa ya fita, a ajin da a wasu makarantun gwamnati na birni yakan haura yara ɗari. Idan makarantar kwana ce, ga daren farko nesa da gida, ga siniyoyi, ga ƙararrawa, ga layin abinci da kwano a hannu. Jiki ma ya fara sauyawa ba da shawarar mai shi ba. Yarinya da yawa a ɗakin kwanan ɗalibai ta fara ganin al'ada, kuma ƙawarta ce ta fara sani kafin uwarta. Yaro muryarsa ta fashe, ya fara jin kunyar abin da bai san sunansa ba.

Tsoron ma kansa yana canza kama. Ɗan shekara shida dodo yake tsoro, da duhu, da karen maƙwabta. Ɗan shekara goma sha biyu ya iya hango gaba, ya iya cewa "idan fa". Idan fa Baba ya bi hanyar Birnin Gwari bai dawo ba? Idan fa ruwan bana ya ci gidanmu? Abin da yake tsoro mai yiwuwa ne, kuma ya san mai yiwuwa ne, don haka lallashin da ya yi aiki a kansa yana ƙarami ya daina aiki. Daidai wannan lokaci ne kuma kunya take shiga tsakaninsa da iyaye. A gidan Bahaushe da yawa ɗan fari ko sunansa uwa ba ta kira, balle su zauna ta tambaye shi abin da ya hana shi barci. Ba rashin so ba ne, tarbiyya ce mai nata amfani. Amma tana barin wani gurbi, kuma wanda yake cike gurbin shi ne tsara.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Harry Stack Sullivan, a littafinsa da ya fito a 1953, ya nuna cewa gab da balaga ne yaro yake fara ƙulla aminci na musamman da tsaransa, inda a karo na farko damuwar wani take zama masa tamkar tasa. Mu ba sai mun je Amurka ba kafin mu san wannan. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ta yi bayanin yadda 'yan mata suke ƙulla ƙawance tun suna ƙanana, da musayar kyauta, da tsaya wa juna ranar aure da ranar suna, har tsufa. Kuma ita ma a zamanin hari ta tashi, zamanin da mahara suke kama mutanen rinji sai an biya fansa. Wato kakanninmu sun ɗauki ƙawance da muhimmancin da har suka yi masa ƙa'ida, a duniyar da ba ta fi tamu kwanciyar hankali ba. Duk ɗan Islamiyya kuma ya san labarin kogon Sauru a hanyar Hijira, inda maƙiya suka zo har bakin kogo, Sayyidina Abubakar ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) ya kwantar masa da hankali. Allah ne ya tsare su, amma su biyu ne a cikin kogon.

A ɗauki yaron da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Katsina ko Zamfara a watan Satumban 2019. Bai gama gane ajinsu ba korona ta zo, aka rufe makarantu a Maris 2020, ya yi watanni a gida. An koma ba da jimawa ba, ranar 11 ga Disamba aka kwashe yara fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, jihohi da dama suka sake rufewa. Fabrairun 2021 ga Kagara a jihar Neja, ga Jangebe. Ƙarshen Mayu aka kwashe ƙananan yaran Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a hannun ɓarayi. Yuni ga Birnin Yawuri. Ranar 1 ga Satumba aka kai hari wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙaramar hukumar Maradun, Zamfara ta rufe makarantunta gaba ɗaya, sannan aka datse layukan waya a jihar. Shekaru ukun da ya kamata wannan yaro ya koyi yadda ake yin amini, a buɗe-a-rufe ya yi su. Ƙannensa da suka biyo baya sun ji labarin Kuriga a Maris 2024, inda da safe, ana tsaye a filin taron makaranta, aka kora yara daji.

A Maiduguri abin ya zo ta wata fuskar. Daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari irin wanda ba a gani ba tun 1994. Ya ci Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, katangar gidan yari ta faɗi, aka gargaɗi mutane cewa kadoji da macizan gidan namun daji sun biyo ruwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Makarantu aka rufe, wasu suka koma sansanin 'yan gudun hijira, aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021. Cikin yaran da suka kwana a waɗannan wurare akwai waɗanda a sansani aka haife su, ko aka goyo su daga Bama ko Gwoza ana gudu. Ga irin wannan yaro, cewa "ba abin da zai faru" ƙarya ce da ya riga ya gani da idonsa.

Ko yaron da bala'in bai taɓa ba, fargaba ta taɓa shi, kuma yaro ba ya cewa "ina cikin fargaba". Cikinsa ne zai riƙa ciwo kowace safiyar Litinin. Wanda ya daina fitsarin kwance tun yana aji biyu na firamare zai koma yi. Mai ƙoƙari zai zauna yana kallon allo bai ga komai ba, a ce ya lalace. Ƙarar babura da yawa a lokaci ɗaya, ko tayar mota ta fashe, sai aji ya watse ta taga. A makarantun kwana akwai yaran da suke kwana da takalmi a ƙafa. Idan ya daure ya yi tambaya a gida, amsar da yake samu sananniya ce: "Kai, me ka sani? Tashi ka ba mu wuri." Ko kuma, "Namiji ne kai, kana tsoro?" Ko a ce masa "Allah zai tsare," wanda gaskiya ne, sai dai ana faɗa ne don a rufe zancen, alhali ya ji sa'ad da manya suke ƙus-ƙus a zaure cewa an aiko wa ƙauyen gaba da takarda.

To wa ya rage masa? Wanda suke raba awara da kuɗin tara. Wanda idan aka tashi suke tafiya gida tare, a tsaya a gindin bishiya a buga ƙwallon leda. Wadda take yi mata kitso ranar Asabar, suke jiƙa gari da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya. Abin da aboki yake yi a nan ba nasiha ba ce. Da farko yana nuna maka cewa ba kai kaɗai ba ne, domin idan ka ce "jiya ban yi barci ba" ya ce "wallahi ni ma", rabin nauyin ya sauka, ka san ba haukacewa kake yi ba kuma ba rago ba ne kai. Sannan yana janye ka daga tunanin, ya ja ka langa ko musun Barcelona da Madrid, ta ja ki gaɗa ko hirar fim. Kuma yana sa gobe ta yi kama da jiya: ko me ya faru, ƙarfe bakwai zai yi maka sallama a ƙofar gida ku tafi.

Masu bincike sun auna wannan har a jiki. A birnin Montreal na Kanada, Ryan Adams da Jonathan Santo da William Bukowski sun bi yara ɗari da 'yan kai, 'yan aji biyar da shida, na kwana huɗu. Sau da dama a wuni yaran sukan rubuta abin da ya same su da wanda suke tare, a kuma ɗauki yawunsu a auna kotisol, sinadarin da jiki yake fitarwa idan mutum ya shiga matsi. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna idan abu marar daɗi ya sami yaro ba amininsa a kusa, sinadarin yana hawa, ƙimar da yake ba kansa tana sauka. Idan aminin yana wurin, abin da wuya ya motsa. Bayan guguwar Andrew da ta daki jihar Florida a 1992, Annette La Greca da abokan aikinta a Jami'ar Miami sun bi 'yan makaranta na tsawon watanni, suka ga waɗanda suke jin suna da madafa a wurin abokai da malamai sun fi saurin rabuwa da firgici.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin Anna Freud. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen rainon yara a Landan ana ruwan bama-bamai, suka lura cewa raba yaro da mahaifiyarsa don a kai shi wuri mai aminci yakan fi girgiza shi fiye da bam ɗin da aka gudar masa, kuma yaro yana ɗaukar tsoronsa ne daga fuskar babban da ke kusa da shi. Bayan yaƙin, a 1945, aka kawo Ingila wasu marayu shida 'yan kimanin shekara uku daga sansanin 'yan Nazi na Theresienstadt. Ba su yarda da kowane babba ba, amma ba mai cin abinci sai ya ga 'yan uwansa sun samu, kuma idan aka ware ɗaya sauran ba su da sukuni. Juna suka riƙe har suka dawo hayyacinsu. Mun ga makamancin haka a gida. Cikin 'yan matan makarantar Chibok da aka sace aka kuma sako a Mayun 2017, akwai waɗanda suka fito da littattafan rubutu da suka ɓoye shekara uku, inda su da ƙawayensu suka riƙa rubuta abin da ke faruwa da su, wata ta kwafa daga wata. Sun raba abinci, sun rufa wa juna asiri, sun hana juna mantawa da ko su wane ne.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan, domin hanyar da natsuwa take bi daga yaro zuwa yaro, ita tsoro yake bi. A ɗakin kwanan ɗalibai yarinya ɗaya ta ce ta ga hasken tocila a bayan katanga, kan ka ce kwabo labari ya zama an ga mutum hamsin da bindigogi. An sha samun yaran da suka karye a turmutsutsu a kan harin da bai auku ba. A tsakiyar shekarun 1990 Kano ta ga abin da aka riƙa kira Sumbuka, inda 'yan mata a makarantun sakandare suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka riƙa kiran malamai suna ruƙiyya. Ba gardamar aljanu ta kawo ni ba. Abin lura shi ne likitocin da suka yi nazarin irin wannan a ƙasashe daban-daban sun ga yana bin layin ƙawance, daga yarinya zuwa wadda ta fi kusa da ita, kuma ya fi tashi inda yara suke cikin matsi ba su da bakin faɗa.

Akwai kuma wata illa mai tafiya a hankali. Amanda Rose ta Jami'ar Missouri ta nuna a 2002 cewa aminai biyu, musamman 'yan mata, sukan zauna suna juya damuwa ɗaya kullum, ba mafita, ba sauya zance. Hakan yana ƙara musu shaƙuwa, yana kuma ƙara musu zullumi da baƙin ciki. Yanzu ga waya ta shigo. Bayan harin bam na birnin Oklahoma a 1995, wanda ya kashe mutum 168, Betty Pfefferbaum ta binciki 'yan ƙaramar sakandare fiye da 2,000, ta ga yawan kallon labarin a talabijin yana tafiya tare da alamun firgici, har ga yaran da ba su rasa kowa ba. Wancan talabijin ne mai editoci. Namu yaran a wayar yayansu suke kallon bidiyon da ɓarayin daji suka ɗauka da kansu, gobe wanda ya gani ya ba 'yan aji labari, ya ƙara gishiri. Yara biyu masu tsoro, idan ba wanda ya gaya musu gaskiya, tsoronsu ninkuwa yake yi.

Saboda haka abota kaɗai ba ta isa ba, sai an ba ta abin da za ta riƙe. Misali mafi kyau da na sani daga garin Kamaishi yake, a gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan. Shekaru kafin girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011, wani farfesa na Jami'ar Gunma, Toshitaka Katada, ya riƙa aiki da malaman garin suna koya wa yara yadda igiyar tsunami take. Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce kada su dogara da taswirar da ta ce unguwarsu ba ta cikin haɗari, kada su tsaya matuƙar akwai wuri mafi tudu, kuma kowa ya yarda ya zama na farkon gudu ko da za a yi masa dariya. Da ƙasa ta girgiza, ɗaliban ƙaramar sakandaren Kamaishi ta Gabas suka fita da gudu suna ihu. Yaran firamaren Unosumai da ke maƙwabtaka, waɗanda aka riga aka hau da su bene, suka hango su suka biyo. Manya suka kama hannun ƙanana. Da suka isa matattarar da aka tanada suka ga ba ta yi musu ba, suka ƙara gaba zuwa tudu. Ruwa ya shanye makarantun biyu. Garin ya rasa kimanin mutum dubu, amma cikin 'yan firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000, biyar ne suka rasu.

Na san ɗan bindiga ba igiyar ruwa ba ne, yana da dabara, kuma ba wanda zai ɗora wa yara aikin da gwamnati ta kasa. Tsare makaranta haƙƙi ne a wuyan hukuma, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, kuma iyaye suna da ikon tambayar ina katanga, ina masu gadi, ina wayar kiran agaji. Amma a Chibok 'yan mata 57 sun kuɓuta tun da farko, wasunsu ta hanyar dirowa daga mota, a Dapchi da Ƙanƙara ma da yawa sun tsallake katanga sun shiga daji. Yaranmu suna yanke shawarar rai da mutuwa a cikin duhu ko mun koya musu ko ba mu koya musu ba. Yaron da ya san ta wace ƙofa ake fita, ina ake haɗuwa, wa zai duba wa, da wace alama ake bambance ƙararrawar gaske da jita-jita, tsoronsa ya sami aikin yi. Haka yaron Gashuwa ko Haɗeja da aka koya wa abin da ake yi idan kogi ya fara cikowa. Abin da ya fi cin ran yaro shi ne ya san haɗari yana nan, manya suna ɓoye masa, shi kuma ba abin da zai iya.

A nan ne nake ganin muna kuskure mai sauƙin gyarawa. Idan an rufe makarantar kwana, akan ce kowa ya koma ta jeka-ka-dawo mafi kusa da gidansu. Idan ruwa ya ci unguwa, iyali suna watsuwa duk inda suka sami dangi. Iyalan Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019 sun kai 'ya'yansu inda makarantar boko da Faransanci take, ba su san kowa a aji ba. Wani lokaci ba makawa sai an yi hakan, rai ya fi komai. Amma ba wanda yake tambayar yaro, "Da wa kake so a haɗa ka?" Mu manya mukan ce ai ga waya. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙauye ba shi da waya, ta babansa kuma ba ta hirar yara ba ce, a Zamfara ta ƙarshen 2021 ma layin gaba ɗaya aka kashe. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, abotar wannan shekaru ta fi kowace zumunta buƙatar ƙafa. Ba ta da tarihin da za ta jingina da shi, kullum ake sake gina ta a hanyar makaranta.

Ko ba bala'i ma, ƙaramar sakandare wurin rabuwa ce, kuma ya kamata a gaya wa yara wannan a fili. Wani bincike da Amy Hartl da Brett Laursen da Antonius Cillessen suka buga a 2015 ya bi abotar da aka ƙulla a aji bakwai a Amurka, wanda ya yi daidai da ajinmu na ɗaya, ya ga kusan ɗaya cikin ɗari ce kawai ta kai ƙarshen sakandare. A wurinmu jarrabawar aji uku tana raba hanya: wannan ya ci ta makarantar kimiyya ya tafi Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, wancan ya koma kasuwa wurin kawunsa, wani ya shiga koyon gyaran waya ko ɗinki. Ga 'yan mata abin ya fi zafi. A dawo hutu a tarar da wurin ƙawa ba kowa, an ɗaura mata aure. Tun da aka fara satar ɗalibai kuma, iyaye da yawa da a da suke shakkar barin 'ya'yansu mata a makaranta sun sami hujjar da ba mai iya musa musu. Wadda ta rage a aji ta yi rashin ƙawa, ta kuma ga abin da zai iya zama nata gobe. Idan ta yi kuka a ce, "Ke, mutuwa ta yi?" Yaron da aka nuna masa cewa kewarsa daidai ce, kuma ɓacewar aboki ba laifinsa ba ne, ya fi saurin buɗe zuciya ga wani.

Ba za mu jira likitoci ba, don ba su isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14 ko daidai nan, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa kaɗan ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Akwai masu ƙoƙari, irin su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu, kuma yaron da ya yi makonni ba barci, ko ya daina magana, ko ya fara cewa gara ya mutu, wurinsu ya kamata a kai shi tare da addu'a, kada a bar wa ƙawarsa 'yar shekara 13 wannan kaya. Amma mafi yawan yara ba asibiti suke buƙata ba. Malamin aji suke buƙata wanda washegarin mummunan labari zai ajiye alli na minti goma ya ce, "Na san kun ji abin da ya faru. Ga abin da yake gaskiya, ga abin da yake jita-jita, ga abin da muka shirya." Uwa suke buƙata wadda idan kunya ta hana ta tambayar ɗanta, za ta sa ƙanwarta ko kakarsa ta tambaye shi, wadda kuma ta san sunan abokinsa da gidansu, ta bar shi ya shigo su ci tuwo tare maimakon ta kore shi a kan yana hana ɗanta karatu.

Ga masu riƙe da ma'aikatun ilimi kuma, akwai abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Idan dole ta sa a kwashe ɗalibai daga makarantar da ke bakin daji, rajistar aji tana nan, a kai aji ɗaya wuri ɗaya tare da malaminsu gwargwadon iko, kada a rarraba su kamar yadda sunaye suka zo a takarda. Idan makaranta za ta yi wata biyu a rufe, a sami masallaci ko farfajiyar gidan mai unguwa inda 'yan aji ɗaya za su riƙa haɗuwa sau biyu a mako, ko da karatun bai taka kara ya karya ba. A sansanin 'yan gudun hijira, wanda yake rubuta sunan yaro da shekarunsa da garinsu ya ƙara tambaya ɗaya: wace makaranta, wane aji. Yaran da suka fito daga daji tare kuwa, kafin a sallame su daga gidan gwamnati, a rubuta wa kowace uwa lambar wayar gidan ƙawar 'yarta, a kuma sa musu ranar da za a sake haɗa su.